Kada Ka Dawo Sai da Hoton Dogo

Zuwa ga 'yata, kuma uwata,

Sallama da gaisuwa mai tarin yawa. Ina fata kina lafiya, ke da Yayata da kike jinya. Ni dai lafiyata ƙalau, in ban da gwiwar nan da ba ta shiri da kujerar mota. Na sauka gidan ƙanwarmu Auta, sun karɓe ni hannu bibbiyu, ana ta ɗura mini abinci kamar wanda za a kai kasuwa. Kada ki wahalar da kanki da kiran waya, kin san kunnena ya riga ni yin ritaya. Direban da ya kawo miki wannan takarda shi zai dawo mini da amsa, sai ki kai masa tasha.

To, ga abin da ya sa na zauna rubutu. Kyamararki ta yi mini tawaye. Yau da safe na jera jikokin Auta a bakin ƙofa, kowa ya sha wanka ya sha mai, na ce su yi dariya, na latsa, ta ƙi. Na sake latsawa, ta ƙi. Sai wani jan rubutu ya fito a gilashin baya. Surukin Auta ya karɓa ya duba, wai katin da ke ciki ne ya cika, sai in goge wasu hotunan. Na ce in goge wa? Ni da na yi aikin sito har furfura ta rufe ni, ko ƙusa ban taɓa yarwa ba don ta lanƙwashe, yau a ce in goge fuskar ɗan'uwa? Na karɓe abata na mayar cikin jaka.

Kin san ba yawon buɗe ido na fito ba. Yaya ta ce tunda ƙafa ta ƙi, in je in ɗebo mata fuskokin danginta ta gani tun tana da sauran gani. Ni da ke kuwa mun san fuska ɗaya take nufi, ko da ba ta kama suna ba. Ke ba ki san ƙanenmu Dogo ba sai a labari. Yaya ce ta riƙe mu bayan rasuwar iyayenmu, da keken ɗinkinta ta sa shi a makaranta, shi kuma ya watsar ya bi masu walda. Ranar ta ce masa in ya fita ƙofar nan kada ya sake takowa. Ya fita, bai sake takowa ba, tun ba a haife ki ba.

Garinsa ne ƙarshen tafiyata, ga shi ko rabin hanya ban yi ba kati ya cika. Ki faɗa mini yadda zan yi, amma ki rubuta da manyan baƙaƙe, kuma ban da turancin nan naku.

Ki riƙa juya Yaya a kan lokaci, ki kuma shafa mata man ƙafar nan da safe.

Babanki.

*

Baba,

Amin wa alaika salam. Takardarka ta iso, na karanta wa Gwaggo tun daga sama har ƙasa, wurin ƙusar nan ma sai da ta sa na maimaita. Jikinta da sauƙi-sauƙi. Tana cin ɗan abin da ya samu, sai dai idon hagu ya ƙara yin hazo, yanzu sai na kai abu dab da fuskarta. Ni ma lafiya lau, a shagon magani sun yarda in riƙa tashi da wuri.

Baba, tsakani da Allah, yaya aka yi ka cika katin nan? Na kira surukin Gwaggo Auta, dariya ta hana shi magana. Ya ce ya duba hotunan, kusan rabi yatsanka ne ya rufe gilashi. Sauran kuma akwai silin, akwai takalminka, akwai akuyar maƙwabta ta fuska da ta baya. Su ma 'yan'uwa ne?

To ga yadda za ka yi, na rubuta da manyan baƙaƙe kamar yadda ka ce. Ka je shagon masu hoto, kowane gari akwai. Ka ce a kwafe maka duk abin da ke kan kati a zuba a filashi, wani ɗan ƙarfe ne bai kai yatsa ba. Kada ka bar shagon sai an buɗe filashin a kwamfuta ka ga hotunan da idonka. Ka sayi kati na biyu, tunda na san ko sama da ƙasa za su haɗu ba za ka goge komai ba. Kullum ka sauka gida, batir ya fara shan caji kafin kai ka sha ruwa. Kada ka bar kyamara a rana, kada ruwa ya taɓa ta.

Ga babba a cikinsu, don Allah ka karanta sau biyu. Hoton da ke wuri ɗaya ba ajiyayye ba ne. Kada kati da filashi su kwana a jaka ɗaya. Kati a aljihun rigarka, filashi a jaka. Mafi kyau ma ka sa filashin a ambulan ka ba direban nan ya kawo mini, in fara nuna wa Gwaggo waɗanda ka ɗauka. Ka ga ko wani abu ya samu ɗaya, ɗaya yana nan.

Da na zo wurin labarin Baffa Dogo, Gwaggo ta juya fuska ta kalli bango, ta ce wa ya aike ka tone-tone. Can kuma ta ce in rubuta maka: kada ka dawo gidan nan sai da hoton Dogo.

Ka riƙa ɗaure gwiwar nan da bandeji kafin ka shiga mota. Ina kewarka, gidan ya yi shiru babu mai faɗa da rediyo.

'Yarka.

*

Uwata,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina fata Yaya ta ƙara samun sauƙi, ke kuma Allah ya ba ki ladan jinya. Gwiwa tana nan tana gaishe ki. Ki yi haƙuri da jinkirin amsa, na ce ba zan rubuta ba sai ina da labarin da ya isa a rubuta.

Na bi umarninki, amma ba duka ba. Na je shagon hoto, an kwafe, na tsaya a kan mai shagon har na ga kowace fuska ta fito, har da akuyar da kike yi wa gori. Na sayi kati na biyu. Batir kuwa ya fi ni cin gata a tafiyar nan. Amma maganar in raba su, ɗaya nan ɗaya can, a nan muka rabu. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. A sito, kayan da aka warwatsa shi ke ɓata. Abu mai daraja wuri ɗaya ake tara shi, a sa masa ido. Na haɗa kyamara da katunan da filashi a 'yar jakar tsumman nan da Yaya ta ɗinka mini, na cusa a can ƙasan jakata, jakar kuma a kan cinyata take tafiya. Batun in ba direba ma kada ki sake tayar da shi. Takarda in ta ɓata a sake rubuta wata. Fuskar mutum ba a ba direba.

Akwai kuma abin da nake yi wanda ba ki sa ni ba. Duk gidan da na sauka, kafin in tashi sai na je an wanke mini hotunan gidan a takarda na bar musu. Ina jin nauyin in ɗauki fuskar mutum in tafi da ita shi ban bar masa komai ba. Na san za ki ce ɓarna ce. Ki ce.

Uwata, na ga Dogo.

Na sha tambaya kafin a nuna mini shagon. Wata rumfar kwano ce a layin masu gyaran mota, ƙofofin ƙarfe jingine ko'ina, ƙasa duk ta yi baƙi. Na tarar da wani tsoho a tsugune, baƙin tabarau a fuska, wuta na tartsatsi. Na tsaya ina neman ƙanena a cikin samarin wurin, ashe shi ne tsohon. Wallahi a raina har yanzu yaro ne mai dogon wuya. Sai ya yi tari, irin tarin nan na Babanmu mai hawa biyu, na ce Dogo. Ya ɗaga tabarau ya dube ni, ya daɗe yana dubana. Ko gaisuwa bai yi ba, ya ce, "Mai Sito, Yaya ce ta rasu?"

Na ce a'a, tana nan, ita ce ma ta aiko ni. Sai ya zauna a kan wani guntun ƙarfe ya rufe fuska da hannu. Hannun nan duk tabon ƙuna ne. Ni ma na zauna, muka yi kukanmu, tsofaffi biyu a bakin titi, masu wucewa na kallo.

Da na faɗa masa abin da ya kawo ni, ya ce ba za a ɗauke shi a haka ba. Ya rufe shago da rana tsaka, muka je ɗakinsa, ya yi wanka, ya ciro wata farar riga daga ƙasan akwati duk ta yi layin ninki, ya ari mataji wurin maƙwabci ga shi gashin ma saura kaɗan. Ya tsaya ƙiƙam kamar mai neman aikin soja. Na ce ka yi murmushi mana, ya ce ya manta yadda ake yi. Na ɗauka, na ɗauka, duk fuska a murtuke. Can kyamara ta maƙale, na hau yi mata faɗa ina ce mata marar kunya, sai ya fashe da dariya, ni kuwa na latsa. Wannan shi ne Dogon da Yaya ta sani. Illarsa ɗaya, yatsana ya shigo ta gefe ya cinye masa kafaɗa.

Na ce ya biyo ni mu tafi gida tare. Ya girgiza kai, ya ce Yaya ta yi magana, shi kuma bai ji ta janye ba. Ya tambaye ni ko keken ɗinkin nan yana nan. Na ce yana nan a lungu, ke kike goge shi. Na wanke masa hotunansa na bar masa, har da mai yatsan.

Gobe zan kamo hanya. Ki ce wa Yaya ta shirya idonta, gani ya kori ji.

Babanki.

*

Baba,

Sallama. Ina fata wannan takarda za ta same ka, kuma ta same ka lafiya. Na ba direban ba tare da na san inda zai kai ta ba. Ya ce zai bi tasha-tasha yana cigiyar dattijo mai jaka ruwan ƙasa wanda ba ya ji sosai.

Ina kake? Ka ce gobe za ka kamo hanya, ga wata ya kusa zagayowa. Na kira duk wanda nake da lambarsa, kowa ya ce tun da ka bar gidansa bai sake jin ɗuriyarka ba. Na je tasha har ma'aikatan sun gane ni, da sun hango ni sai su girgiza kai.

Na karanta wa Gwaggo labarin Baffa Dogo. Ta karɓi takardar ta sa a ƙarƙashin matashi. Tun ranar ta sa na juya mata gado ya kalli ƙofa. Ko iska ce ta taɓa labule sai ta ce, "Ga shi nan." Ba zan ɓoye maka ba, jikin ya ja baya. Abinci sai da lallashi, magana ma ta ragu.

Ban damu da wankin hotunan da kake yi ba, ban damu da ka ƙi jin maganata ba. Tsoro nake ji, Baba. Ko layi ɗaya ne ka rubuto.

'Yarka.

*

Uwata,

Sallama. Lafiyata ƙalau, ki kwantar da hankalinki, babu abin da ya samu jikina. Takardarki ta same ni, na karanta, na kasa haɗa ido da direban. Allah ya ba Yaya sauƙi.

Jakar ta ɓata. Da kyamara, da katunan, da filashi, duka.

Motarmu ce ta lalace a hanya, aka tsayar da wasu motoci biyu aka ce mu rarrabu. Ana ta turereniya ga yayyafi. Akwai wani bawan Allah mai sanda da ya kasa saukowa, kowa na tsallake shi. Na ajiye jakar a kan kujera don in kama shi da hannu biyu, tun da na bar gida ban taɓa sakinta ba sai ranar. Kafin in sauke shi in juyo, masu kwashe kaya sun haɗa ta da na wasu sun jefa a motar farko, motar kuma ta tashi. Na bi ta har tasha. Na bi ta har tasha ta gaba. Na zazzage ɗakin ajiyar kayan da aka manta, ni da na san yadda ake binciken sito, babu. Tsautsayi ba ya wuce ranarsa, na sani, amma wannan da hannuna a ciki. Kin ce kati a aljihu. Aljihuna yana nan, babu abin da ya same shi, babu kuma komai a cikinsa.

Ina gidan wani tsohon abokin aikina a garin da motar ta ajiye mu. Kullum da safe ina zuwa tasha in zauna, ko Allah zai sa wani ya dawo da ita.

Kin tambaya me ya hana ni dawowa. Ke kika rubuta da hannunki, Yaya ta ce kada in dawo gidan nan sai da hoton Dogo. Da wane ido zan shiga ɗakin nan, tana kallon ƙofa, in buɗe mata hannu babu komai? Matar nan ba ta taɓa roƙona komai ba tun muna yara sai wannan.

Saura dabara ɗaya. Na rubuta wa Dogo, na ce ya sa hoton nan mai dariya da na bar masa a ambulan ya ba direba ya kai miki. Kin ga yau ni ne nake cewa a ba direba. In ya iso hannunki ki sanar da ni, sai in kamo hanya. In bai iso ba, zan nemi aron kyamara in koma.

Ki yafe mini kyamararki.

Babanki.

*

Baba,

Alhamdu lillahi da kana lafiya. Ran nan da na ga rubutunka a bayan ambulan sai da na zauna a ƙasa a tsakiyar tasha. Gaisuwar ke nan, ka yi haƙuri da gajartarta, direba yana jirana a waje da mota a kunne.

Haba Baba! Haba! Gwaggo fa da dariya ta faɗi maganar nan, har tana riƙe ciki. Laifina ne da ban rubuta maka haka ba, na manta dariya ba ta shiga ambulan. Amma ku ma mazan gidan nan sai a bar ku. Mace ta faɗi magana ɗaya, ɗaya ya riƙe ta har ya tsufa a rumfar walda, ɗaya kuma ya je ya tare a tasha.

To, hoto ya iso. Bari ka ji yadda ya iso.

Shekaranjiya da hantsi ina shanya, aka yi sallama. Na leƙa, na ga wani dogon tsoho da farar riga mai layin ninki, ya tsaya nesa da ƙofa kamar an ja masa layi. Ya zura hannu cikin riga ya ciro wani ƙunshi, leda cikin leda cikin leda, ya miƙo mini da hannu biyu. Ya ce saƙo ne, a ba mai gidan. Na ce in ce daga wa? Ya ce ki ce saƙo ne kawai. Na kalli hannun, na ga tabon ƙuna. Na ce, "Baffa, ai direba aka ce ka ba." Ya ɗaure fuska ya ce, "Fuskar mutum ba a ba direba."

Wallahi Baba, da muryarka ya faɗa. Na rasa dariya zan yi ko kuka.

Ya juya zai tafi, wai motar komawa ta kusa tashi. Na riƙe masa hannun riga, yana ja ina ja. Sai tarin nan ya kama shi, mai hawa biyu. Daga cikin ɗaki, matar da ta yini biyu ba ta haɗa kalma uku ba, sai muka ji ta ce, "Wane ne yake tarin Babanmu a ƙofar gida?"

Na jawo shi har bakin ɗaki. Nan ya toge, ƙafarsa a bayan dokin ƙofa. Gwaggo ta ce, "Dogo, sai na aiko maka da mota?" Ya ce, "Yaya, ke kika ce kada in sake takowa." Ta ce, "Na ce. To yanzu na ce ka shigo." Ya cire takalmi ya shiga, ya durƙusa a gaban gado ya kifa kansa a kan katifa. Ta lalubo kan tana shafawa, tana cewa ina gashin ya tafi. Ni dai na fita na bar su, na je na tsaya wurin shanya ina share fuska da zanen da na wanke.

Da na dawo ta ce a ba ta saƙonta, ai ba don ya zo za a cinye mata hoto ba. Na warware ledojin, na kai mata mai dariyar nan dab da ido. Ta dubi hoto, ta dubi Baffa, ta sake duban hoto. Ta ce, "A hoto ka fi kyau." Baffa ya yi dariya, irin ta cikin hoton sak.

Sai ta sa yatsa a gefe ta ce wannan abin fa da ya tokare masa kafaɗa? Baffa ya ce yatsan Mai Sito ne. Ta shafa wurin. Ta ce, "Ya zaga duniya yana ɗebo mini fuskokin mutane, shi nasa sai yatsa."

Na kira gidan Gwaggo Auta da sauran gidajen da ka sauka. Kowa hotunansa na nan, waɗanda ka wanke ka bar musu, wasu har sun sa a bango. Duk sun ce za su kawo, kuma babu wanda ya ce zai ba direba. Ashe ka raba ajiyarka gida-gida ba ka sani ba. Baffa yana nan, ya kwance keken ɗinki yana sa masa mai, shi ke juya Gwaggo yanzu, ya ce ni ban iya ba.

Baba, likita ya zo jiya. Ya ja ni waje ya ce duk wanda ke nesa a kira shi. Ka bar jaka, ka bar kyamara, na yafe har cikin zuciyata. Hoton yana hannunta tun shekaranjiya, ko zan goge mata jiki ba ta sakinsa. Ba Baffa take kallo a ciki ba, shi ga shi nan zaune a gefenta. Yatsanka take shafawa, gadon kuma har yanzu ƙofa yake kallo.

Ta ce in rubuta maka daidai yadda ta faɗa, tunda da maganarta kuke aiki: "Mai Sito, na ce ka dawo."

Wannan karon ba dariya take yi ba. Direban ya ajiye maka kujerar gaba saboda gwiwarka.

'Yarka.